Baƙar Addar Thongbai

Likita Anuchit likitan haƙori ne a Bankok, amma a nan Aranyik, garin maƙera, ba wanda ya taɓa buɗe masa baki. An san shi ne da bin gida-gida yana neman tsofaffin wuƙaƙe da adduna, yana juya su yana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Ranar da ya shigo gidan Sangwian ya tarar da ita tana sarar kututturen ayaba za ta ba agwagi. Bai ko gama gaisuwa ba ya zuba wa addar hannunta ido, har kunya ta sa ta kai ta bayan zane.

"Inna, wannan ba ƙirar marigayi Thongbai ba ce?"

"Ƙirar mijina ce. Ta gida ce, ba ta sayarwa ba ce."

"Ba saye ya kawo ni ba, aro nake nema."

Ya ce su masu tara wuƙaƙe za su yi baje koli a Bankok bayan damina, za a jera aikin tsofaffin maƙera, kowace adda da sunan wanda ya ƙera ta a ƙasanta. Ya daɗe yana neman ta Thongbai guda ɗaya wadda ba hatimin wani a jikinta, bai samu ba. Zai dawo ya karɓa idan ta yarda.

Ta yarda mana. Thongbai ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta yana mayar da ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci adduna masu tumbi, irin waɗanda manomi ke sarar gora da su, ya fasa kwakwa, ya yanka kifi. Amma 'yan kasuwa ne ke kwashewa su buga hatiminsu a kai. Rabin lardin nan sun yi noma da ƙirarsa, ba su san da shi ba. Sunansa wuri ɗaya kawai aka taɓa rubuta shi, a bangon haikali inda aka ajiye tokarsa bayan an ƙone gawarsa bisa al'ada. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Sangwian rai, ga shi yau an ce za a karanta sunan a Bankok.

Sai dai da likita ya tafi ta dubi addar da idon baƙo. Baƙa ce ƙirin, kaifin kaɗai ke haske. Jikinta duk tabon masaba. Ƙotar tsamiya ce ta tsage, an ɗaure da waya, gumi da man kwakwa sun mai da ita kamar gindin tukunya. Thongbai bahago ne, babban yatsansa ya ci wani ɗan gurbi a gefen da ba na mutane ba, kuma tun rasuwarsa duk lokacin da ta riƙe addar, cikin gurbin nan manuniyarta ke faɗawa. Ba ta taɓa lura da haka ba, hannu ne kawai ya saba.

Ku san Sangwian mace ce da ke share har ƙarƙashin gidanta da ke kan ginshiƙai ko da mai karanta mitar wuta ne zai zo. Yana raye ma ba ta taɓa barin Thongbai ya je biki da baƙin gawayi a wuya ba, sai ta tsare ƙofa da soso. Yanzu kuma a kai shi gaban manyan mutane a haka? Ta naɗe addar a tsumma ta nufi shagon ƙaninsa Samruai.

Samruai ya daɗe da jingine masaba. Inji ya saya, yana yin takubba masu ƙyalli da baƙi ke saya su rataye a bango, waɗanda ko gwanda ba sa iya yankawa.

"A'a, Yaya, yau hanya ta ɓace miki?"

"Rufe mini baki. Yayanka zai je Bankok."

"Ai kuwa ya makara. Yana raye ko tashar jirgi bai yarda ya taka ba."

Ta ba shi labari. Samruai ya daina dariya, ya karɓi addar da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Yana son yayansa, wannan ba wanda zai musa.

"Na sha gaya masa ya riƙa gama aiki, ya ce shi ba madubi yake ƙerawa ba. Bar mini ita, Yaya. Sai kin ga fuskarki a ciki." Ya shafa ƙotar. "Har wannan?"

"Har ita. Ita ce ma abin kunyar."

Ya yi aiki, ba laifi. Ya gurje baƙin, ya bi tabon masaba ɗaya bayan ɗaya ya shafe, ya sa sabuwar ƙota ja mai santsi da zoben tagulla, ya ƙi karɓar ko sisi. Da zai miƙa mata sai ya haɗa da tsohuwar ƙotar a leda, ya ce ko za ta ajiye. Ta iso gida ta wurga ledar gefen murhu cikin ɓawon kwakwa, hankalinta duk yana kan ƙyallin.

Ranar da likita zai zo an kwana ana ruwa, gawayi ya jiƙe. Ga shinkafa mai danƙo ta ƙulla a ganye da ayaba da madarar kwakwa, wuta ta ƙi kamawa, sai hayaƙi. Ta fifita har hannunta ya gaji. Ta laluba gefen murhu, ta ci karo da ledar. Itacen da ya sha mai shekara da shekaru, ai ko ashana ɗaya ta ishe shi. Nan take wuta ta tashi, har ta ji daɗi.

Likita ya cire takalmi ya hau saman gidan, ta zaunar da shi a tabarma, ta ajiye masa shinkafar da ruwan sanyi. Samruai ma ya zo da sabuwar riga, don a san hannun wa ya gyara. Sannan ta kawo addar a kan tire a lulluɓe, ta yaye ƙyallen.

Likita ya dubi addar, ya dubi Sangwian, ya sake duban addar.

"Kyakkyawa ce, Inna. Ina waccan ɗin?"

"Ita ce wannan."

Likita ya jawo tiren. Ya ɗauka ya bi bayanta da yatsa tun daga ƙota har tsini, a hankali, ya juya ɗaya gefen ya sake bi. Samruai ya fara bayanin irin dutsen da ya yi amfani da shi, ya ga ba mai saurare, ya bari.

"Inna, ki gafarce ni, laifina ne da ban faɗa miki ba," in ji likita. "Tabon nan shi nake nema. Duk maƙeran garin nan bugunsu dama yake kwantawa, nasa ne kaɗai ke kwantawa hagu. Ko da hatimin wani a kai, da shi muke gane ta Thongbai ce. Shi ne sa hannunsa."

"Amma ƙarfen ai nasa ne," Samruai ya ce. "Kaifin nasa ne. Gwada ta a gora ka gani."

"Na sani, Kawu. Ni na yarda. Amma in na rubuta sunansa a ƙasan wannan, masu ido za su ce ƙarya na shirga, sunan nasa kuma za su yi wa dariya."

Sangwian ta dubi addar tana ƙyalli a hannunsa. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya danne kunyar. Wato ita da kanta ta ɗauki abin da ya rage na mijinta ta kai aka goge, har tana tsaye tana cewa a ƙara nan.

Likita mutumin kirki ne, ya ga yadda ta koma, ya shiga neman abin da zai ceta. Ya ɓare ƙullin shinkafa ya kai baki don kada ta ce ya ƙi abincinta, sai fuskarsa ta washe.

"Tsaya, Inna, ba a rasa duka ba. Tsohuwar ƙotar. Na ga gurbin yatsansa ranar nan, a gefen bahago. Ita kaɗai ma ta isa shaida. A mayar da ita jikin addar, in rubuta sunansa ba wanda zai yi musu."

"Ai na ba ta," Samruai ya ce da sauri. "Yaya, ina ledar nan?"

Sangwian ta dubi murhu. Garwashi ya riga ya yi fari. Samruai ya bi idonta, ya sunkuyar da kai.

"Ci abincinka, Likita," ta ce. "Kada ya huce."

Ya fahimta. Ya ajiye sauran a kan ganyen, ya haɗa hannu ya yi mata sallama, ya ce zai ci gaba da nema, wataƙila a dace a wani ƙauye. Su duka sun san ba za a dace ba.

Bayan sun watse ta tona tokar da tsinke. Wayar kawai ta samu, a murɗe yadda Thongbai ya murɗa ta, ta sa a aljihun riga.

Da yamma agwagi suka dame ta da kuka. Ta jawo kututturen ayaba, ta ɗauki addar, don ba ta da wata. Kaifi na nan yadda ya bar shi, sara ɗaya ta raba kututturen. Amma manuniyarta sai yawo take a kan sabuwar ƙota, tana neman inda za ta zauna. Ta sauya riƙo, ta sake sauyawa, ta ma mai da addar hannun hagu. Daga ƙarshe ta zauna a ƙasa cikin agwagin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka ƙone gawar Thongbai.