Tambayar da Alfred Ya Bari

Karo na tara ke nan Kaltum tana danna "Lissafa", manhajar tana ƙamewa. Ba saƙon kuskure, ba motsi. Ta ja tsakin da sai da mai shara ya leƙo daga baranda.

Ƙarfe sha biyu Hajja Rahmat, shugabar masu jinya a wannan ƙaramin asibitin yara na Bulumkutu, za ta gwada manhajar. Ta riga ta gama magana: in ta sake tsayawa kamar makon jiya, a koma takarda da biro, Kaltum kuma ta kama gabanta. Aikin wata huɗu!

Abin takaicin, ɓangarenta lafiya lau yake. Da harshen kwamfuta na Python ta gina fuskar manhajar. Amma lissafin adadin maganin yara, wani Alfred ne ya rubuta shi da wani harshen daban, Lua, kafin ya koma Biu, likitoci kuma sun ce kar a taɓa. Sai ta cusa Lua ɗin cikin Python, suka haɗa kai suka yi mata gum.

Ta kira Alfred sau uku, wayarsa a kashe. Cikin fushi ta karkatar da bakin Lua, duk abin da zai rubuta ya fito a tagar manhajarta. Ta danna. Layi guda ya bayyana:

"An auna nauyin yaron yau? (e/a'a)"

Ashe ba ƙamewa ba ce. Tambaya yake yi a baƙin allon umarni, wanda manhajarta ba ta da shi, ya kuma zauna jiran amsa har abada.

"Kai, Alfred, Allah ya shirye ka!"

Saura minti ashirin. Ta rubuta layi ɗaya da zai riƙa amsa masa "e" da kansa. Ta danna, lissafi ya fito fes. Daɗi ya kama ta, amma bai jima ba. Wannan "e" ɗin ƙarya ce, kuma ita za ta riƙa yin ta a kan kowane yaro. Ta goge layin tana ƙunƙuni, ta haɗa ɗan akwati mai maɓalli biyu, gumi na ɗiga a kan madannai.

Hajja ta shigo da katin wata yarinya, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta danna. Akwatin ya fito.

"La ila! Ta sake tsayawa?"

"Tambayarki take yi, Hajja."

Hajja ta gyara tabarau ta karanta. Ta juya katin. Nauyin da ke jiki tun watan azumi aka rubuta shi.

Ba ta kalli Kaltum ba. Ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa wata mai jinya kira.

"Rebeka! Kawo sikeli, ki zo min da yarinyar nan."

Manhajar ta ci gaba da jira. Hajja ta jawo kujera ta zauna tare da ita.