Ƙwaƙwalwar Tsohuwa

Akori-kurar da Baba ya bar mana, Tsohuwa muke ce mata. Kullum kafin ya murza makulli sai ya ɗan daki gefen dashbod da tafin hannu, ya ce, "Tashi mana, Tsohuwa." Sai ta tashi. Da ya rasu na gaji motar, na gaji dukan. Amma bana ko na daka ba ta kula ni, har na fara zaton hannuna ne ba ta so.

Na kai ta wurin mai wayarin, na ba shi labarin dukan. Ya duba batir da fis, duk lafiya. Sai ya kwance wani ɗan akwati a bayan wurin da tafin Baba ya goge, ya buɗe.

"Ƙwaƙwalwarta ce ta gaji, ɗan'uwa. Dalmar ciki ta daɗe da tsagewa, dukan tsohonka ne yake haɗa ta."

Na ce, "In an sa wata, ta manta da shi ke nan?"

Bai yi mini dariya ba. Ya ɗaura wata, ya ce in gwada. Murzawa ɗaya ta tashi, hannuna yana sama, ban kai ga dukan ba.

"Sauke abinka," in ji shi. "Wa ya hana ka gaishe ta?"