Gwangwanin Mama Odessa

"A hankali, kai ƙaton banza! Buhun dankali ka ɗauko?"

Delmar Whitlow ya yi dariya, ya gyara riƙon da ya yi wa tsohuwar, ya hau matakalar barandarta yana ɗingishi. Ba ta da wani nauyi. Da safen nan asibiti suka sallamo ta, don babu sauran abin da za su iya yi mata. Ya kwantar da ita a gadon da aka girka a falo kusa da taga.

"Mama Odessa, ke ko mala'iku suka zo sai kin yi musu faɗa."

"In sun makara zan yi mana."

Shekara goma sha ɗaya ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu, amma sanayyar ta girmi haka. A garin nan jami'a ita ce komai, ƙwallo kuma ita ce jami'ar. Ranar Asabar mutum dubu tamanin ke cika filin wasa don kallon samari da hular kwano suna karo da juna, ranar Lahadi fasto ba ya fara huɗuba sai ya taɓo sakamakon jiya. Mama Odessa ta yi shekara talatin tana kula da karatun waɗannan samarin. Ita ke zaɓa musu darussa, ita ke sa hannu a takardunsu, duk wasiƙar da makaranta za ta aiko wa ɗan wasa kuma sai ta bi ta teburinta.

Delmar ya zo mata yana ɗan shekara goma sha takwas, da faɗin kafaɗa da son lissafi. Injiniya yake so ya zama. A shekararsa ta biyu ya zauna jarrabawar shiga sashen, bayan mako uku ta kira shi ofis ta ce, "Ba su ɗauke ka ba, ɗana." Ya yi kuka har da majina, ta ba shi hankici da biskit. Ta saka shi a darussan da ake tashi kafin sha biyu, irin waɗanda ko barci mutum ya yi ta yi zai ci. A shekarar ƙarshe gwiwarsa ta tsinke, manyan ƙungiyoyin da ake ta cewa suna zawarcinsa suka yi tsit. Tun daga nan yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Matasan injiniyoyi kan kawo zane, ya gyara musu kuskure da fensir, su sa hannu su tafi. In matarsa Lenora ta yi mita sai ya ce, "Rabu da su. An gwada kan nan nawa an gani, na karo ne."

"Ɗauko min gwangwanin biskit ɗin can na saman kabad," in ji tsohuwar. "Shuɗin."

"Likita ya hana ki zaƙi."

"Likita ya hana ni mutuwa ma, ka ga na ji? Ɗauko."

Babu biskit a ciki. Ambulan ne guda tara, sun yi ja don tsufa. Ta lalubo ɗaya ta miƙa masa. Sunansa ne a jiki, da tambarin sashen injiniya. Ya karanta layin farko, ya sake karantawa: suna farin cikin sanar da shi cewa sun ɗauke shi. A ƙasa wani farfesa ya ƙara da biro: "Ban ga makin lissafi irin naka ba bana. Ka zo ka same ni Litinin ƙarfe biyu, ɗaki na goma sha huɗu." Ya juya bayan takardar ya ga wani rubutun da ya sani sarai, na Koci Buford: "Ban da wannan. Ina bukatarsa da rana."

"Aikin ɗakin gwajinsu daga biyu zuwa biyar ne," ta ce, idonta na kan silin. "Atisaye ma ƙarfe biyu ake farawa."

Delmar ya nemi kujera ya zauna.

"Kin ce min na faɗi."

"Na ce."

"Kin ba ni biskit, Mama. Da hannunki kika goge min hawaye."

"Koci ya rantse min za a saye ka. Na ce to, in ya yi arziki ya dawo ya yi karatun da kuɗinsa." Ta yi tari mai tsawo. "A'a, kada yau ma in yi maka ƙarya. Tsoron rasa aikina na ji."

"Shekara goma sha ɗaya ina yanke miki ciyawa. Ni ke kai ki asibiti. 'Yata sunanki gare ta!"

"Da gangan na sayi gidan nan, don in gaya maka. Kullum sai in hango ka ta tagar nan in ce gobe." Ta miƙo hannu. "Ka yafe min, Delmar. Ba ni da sauran gobe."

Ya dubi hannun. Abin da ke cin ransa ya wuce digirin da bai samu ba. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar kansa daƙiƙi, yana ma gode mata da ta rufa masa asiri. Ya rufe gwangwanin, ya sa shi a hammata, ya fita.

Lenora ce ta ci gaba da jinya. Da ta dawo gida sai ta tsaya a kansa. "Tana ta tambayarka fa. Ko ƙofar ta motsa sai ta ce kai ne."

"Ki ce mata ina wurin atisaye."

"Haba, Delmar. Matar nan mutuwa za ta yi."

"Na sani."

Ranar Alhamis zafi ya yi zafi, na'urar sanyaya gidan tsohuwar ta tsaya. Lenora ba ta ma roƙe shi ba, faɗa kawai ta yi tana wanke kwano. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya zagaya ta bayan gidan, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya ya kwance murfin. Tagar falon na buɗe a saman kansa.

"Delmar? Kai ne?"

Ya tsaya da sukundireba a hannu. Muryar ta zama kamar ta ƙaramar yarinya. Kalma ɗaya ta isa, ya kuma san haka, amma ya koma kan aikinsa. Ya canza abin da ya ƙone, ya ɗaure murfin, na'urar ta tashi. Ya ji Lenora ta rufe tagar don sanyi ya zauna. Kafin rana ta faɗi Mama Odessa ta cika.

An sa jana'izar ƙarfe tara na safen Asabar, saboda wasan farko na kaka da yamma ne, kuma babu wanda zai yarda ya rasa shi don gawa. Tsofaffin 'yan wasa suka ɗauki akwatin gawar, kowa da laktaya mai launin ƙungiya a wuya. Delmar ya kama gefen gaba, don ba ya so a tambaye shi dalili a bakin kabari. Bayan an dawo aka zauna a zauren coci, ga soyayyar kaza, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara. Koci Buford, mai shekara tamanin da sandar dogarawa, ya miƙe ya ce marigayiya uwa ce, ba ta taɓa bari yaronsa ko ɗaya ya faɗi jarrabawa ba. Aka tafa.

Ana cikin tafin Delmar ya bi teburin tsofaffin 'yan wasan da gwangwanin. Biyar daga cikin masu ambulan ɗin suna wurin, ya ajiye wa kowa tasa kusa da farantinsa. Wani mai suna Cleon, direban babbar mota, ya buɗe tasa yana taunar kaza. Sai taunar ta tsaya. Sashen harhaɗa magunguna ne suka rubuto masa.

"Whitlow, ɗana!" in ji kocin. "Yaya gwiwa?"

Delmar ya nuna masa bayan tasa takardar. Tsohon ya gyara tabarau ya karanta rubutun kansa, ko gezau bai yi ba.

"To? Mun ci kofi a shekarar ko ba mu ci ba? Ga zoben kofin nan a yatsanka. Injiniyoyi dubu nawa ne a jihar nan? Masu wannan zoben fa?"

Da ƙyar zoben ya fita, sai da Delmar ya murza shi har fatar ta yi ja. Ya jefa shi cikin gwangwanin, ya zare ambulan ukun da suka rage, ya ajiye gwangwanin gaban kocin. Babu wanda ya ƙara taɓa abinci a teburin nan. Sauran zauren kuwa har an fara duba agogo.

Ranar Litinin ya ce wa maigidansa yana da uzuri. Biyu saura minti goma ya tsayar da motar aikinsa a gaban ginin sashen injiniya, takardar na shimfiɗe a kan cinyarsa. Farfesan ya daɗe da mutuwa, an ma sa wa ɗakin karatun sashen sunansa. Ɗalibai na ta shiga da jakunkuna a baya, wasu na gudu kada su makara, wata yarinya na cin tuffa tana duba littafi. Ya ƙirga tagogin bene na ƙasa har ya kai ta goma sha huɗu. An ɗage labulenta, ana hango farin allo da ba a rubuta komai a kai ba tukuna.

Ƙarfe biyu daidai aka busa usur daga filin atisaye can bayan bishiyoyi. Kafin ya ankara ƙafarsa ta zabura za ta tashi. Ya ɗora hannu a kan gwiwar ya danne ta, ya ci gaba da kallon tagar.