Karyayya Ake Ci a Gida

…ga wata kuma, daf da gwiwata, ɗan baƙin tsinke ya leƙo daga cikin ciyawa. Yarsa, tsiron maganin nan mai tsada. Sannu da fitowa, 'yar albarka. Tsutsa a ƙasa, tsiro a ka — wa ya taɓa ganin irin wannan halitta? A hankali, Yangdol, na ce wa kaina, fartanya nesa da ita, ɗago ƙasar gaba ɗaya. Ta fito lafiya lau, ƙatuwa. Mai saye ya gan ta sai ya taka rawa.

Ba zai gan ta ba.

Mayar da ƙasar ramin tukuna, kada aljanin dutsen ya yi fushi. Yauwa. Farce a wuyanta… ƙas. Ayya, tsautsayi, haka zan ce. Shekara ashirin da biyu ina rarrafe a tudun nan ban taɓa karya ko ɗaya ba, bana kuwa wannan ce ta tara. Matan zango har sun sa mini waƙa. Su yi ta yi.

Wangdu, kai ka ja. Tarin nan na lokacin ƙanƙara — ƙirjinka yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, daga murhu zuwa garken yak, shanunmu masu gashi, sai ka zauna sau biyu. Na tsorata, mijina, na tsorata ƙwarai, ban dai faɗa maka ba. Mai magani ya ce a sa yarsa a romo, tana taimakon huhu, tana ba jiki ƙarfin kokawa da ciwo. Kai kuma? "Lafiyayya ta kasuwa ce, tsohuwa. Karyayya ake ci a gida, haka ubana ya yi." Taurin kai sai ka ce bijimi. To, ga karyayyu nan, sai ka sha.

Yanzu dube ka can sama. Ka wuce ni, ka wuce kowa, kana ta wannan waƙar da muryarka mai korar hankaki… babu tari. Tun safe nake kasa kunne, babu. Yarsa ce? Ƙwayoyin asibiti ne, ko ɗumin rana? Oho, ni dai daɗi kamar ya kashe ni. Dariya nake ni kaɗai, baki duk ƙasa.

Jiya a bakin tanti, shayi mai man shanu yana tururi, ka juya guntun yarsa a tafinka, ka daɗe kana kallon wurin karayar. "Hannunki ya tsufa, Yangdol." Ka jefa a tukunya da kanka. Kai da ka koya mini haƙa… kai da ka ce fartanya yaga take yi, ba ta yanka sumul — wannan kuwa sumul ta fita.

Da safe ma, da na ɗauko almakashi, ka kama yatsana: "Bar farcen nan, kada ki yanke sai mun sauka."

Na ɗauka tsokana ce.

Wangdu… tsohon makiri. Tun ta nawa ka sani?