Kwalayen Dakta Kalli

Dakta Kalli ya ɓare busasshen kifin gida biyu, ya miƙa wa Alhaji Wakili, shugaban dillalan kifi na Nguru. Tsokar fara sol, ta bushe har ƙashi, babu tsutsa ko ɗaya.

"Tun kaka aka yi bandarsa, Alhaji. Gishiri ne da hayaƙi kawai."

Wakili ya gutsura, ya tauna a hankali. Bayan rumfarsa jirgin ƙasa na huci, 'yan dako suna loda kaya zuwa Kudu.

"Kifi ya yi, Dakta. Me ka rubuta a jikin kwalin nan?"

"Sunana, da cewa ba a sa masa maganin ƙwari ba."

"To, namu fa? Wanda ya karanta wannan a Legas, me zai ce game da namu?" Ya goge hannu da gefen riga. "Taragun sun cika. Ka dawo wani makon."

* * *

Kalli ɗan masunta ne daga Dagona. Boko ta kai shi har ya zama malamin jami'a, amma zuciyarsa ba ta taɓa barin bakin ruwa ba. Shekaru ya yi yana bincike kan abu ɗaya: yadda za a adana banda ba tare da an yayyafa mata maganin ƙwarin gona ba, kamar yadda dillalai suka saba, maganin da ko ƙuda ba ya kusantar kifin da aka sa wa. Ya gano wani irin tanderun laka mai hawa-hawa, ya yi rubuce-rubuce, Turawa suka yaba, aka ajiye a kan kanta.

Sai yayarsa Meram ta kwanta. A ma'ajiyar kifi take aikatau, ita ke dama maganin da hannu. Ta fara da tari, hannuwanta suka kama rawa, ta rasu kafin damina. Mutane suka ce iska ce.

Bayan sadakar arba'in ya shaida wa matarsa Suwaibatu zai ajiye aiki.

"Malam, gidan gwamnati za mu bari? Ka ba dillalan ilimin mana, su yi da kansu."

"Na ba su, ba wanda ya karanta. In suka ga ana ciniki da shi, za su kwaikwaya."

Ta dube shi. Rabon da ta ga idonsa da haske haka tun suna amarci. Ta fara ɗaure kaya.

A Gashuwa ya gina tanderunsa kusa da kogi, ya ɗauki matan da mazajensu suka tafi ci-rani. Da hannunsa yake kwaɓa laka. Yakan tsaya cikin hayaƙi idanu jawur, yana murmushi.

* * *

Wani makon ya koma Nguru, aka ce taragu sun cika. Na gaba ma haka. Direbobin manyan motoci suka ce ba sa ɗaukar kayan da dillalai ba su sa wa hannu ba. Jami'in lafiyar da ya kai wa ƙara ya saurare shi da ladabi, da azahar kuma ya hango shi a rumfar Wakili ana cin gasasshiyar kaza.

Hadari ya fara haɗowa, ga kifi jibge. Matan da ke masa aiki suka riƙa zuwa ƙofar gida da goyo, su gaishe shi, su zauna jiran haƙƙinsu.

"Malam," in ji Suwaibatu, "waɗannan ba bincike za su ci ba."

Ya sayar wa Wakili da kayan duka, har kwalayen, a yadda ya taya. Wakili ya dafa ƙirji ya ce yadda aka kawo su haka za su tafi, ba zai sa musu magani ba. A shekarar kogi bai cika ba, kifi ya yi wuya. Kalli ya rufe tanderu, ya nemi koyarwa a wata sakandare a Gashuwa. Bai sake taka Nguru ba.

* * *

Bayan shekara biyu, a tashar motar Gashuwa, wani ya rungume shi ta baya. Bobboi ne, abokin aikinsa na jami'a, ya zo nazarin tsuntsayen fadama.

"Mutumina, ka fi mu gaskiya! Kwalayenka sun cika kasuwannin Kano. Ɗalibai ma da kai nake ba su misali."

"Kwalayena?"

"Kifin Dakta mana. Maiɗakina na da juna biyu, ba ta yarda da kowane kifi sai naka. Jiya ma na saya mata a Nguru."

Bobboi ya buɗe bayan mota. Kwalin sabo ne fil, bugun ya fi na da kyau, ga sunan Kalli da manyan baƙaƙe. Kifin ciki na ƙyalli.

"Bobboi, tun yaushe take ci?"

"Tun farkon cikin. Lafiya?"

Kalli ya sunkuya ya ƙura wa kifin ido. Ƙudaje sun cika tashar, suna bin tiren masu tsire da ɓawon mangwaro, har da gumin goshin Bobboi. Ko ɗaya bai sauka a kan kwalin ba.