Tururuwa Uku a Nonon Ma'u

"Ɗaga hannu, Yaya Rekiya," in ji Felicia, allura a bakinta.

Rekiya ta ɗaga iya inda ɗinkin hammata ya bar ta. Wata biyar ke nan da likitoci a Zariya suka yanke mata nonon hagu saboda ciwon daji, suka bi ta da allurai har gashin kanta ya zube ƙurmus. Duk Dutsin-Ma, daga mijinta sai Felicia, telar da ke haya a maƙwabtansu, suka sani. Felicia ce ta cusa auduga a rigar mama ta ɗinke, take ta daidaita ta da na dama.

"Kin gan ki? Ko mijinki Malam Tukur sai ya rantse na Allah ne."

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji Rekiya. Dariyar ba ta kai ciki ba.

Jiya autarta Ma'u ta haihu a Kurfi, haihuwar fari, namiji. An ce wa surukai ciwon ciki ne ya kwantar da Rekiya, shi ya sa ba a kawo yarinyar goyon ciki ba. Rekiya kuwa ta san Gogo, uwar mijin Ma'u, kamar yunwar cikinta. Ranar da ta ji nonon da Ma'u ta sha ne ya lalace, ranar za ta ce na Ma'u ma akwai dafi, a koma ɗura wa jariri madarar akuya. Yara nawa aka rufe a kan haka? Tsoron da ya hana ta sakat ke nan.

Da azahar a-kori-kura ta sauke ta a Kurfi. Ta tarar jaririn yana barci, ta ce a bar shi, za ta ɗauke shi bayan wanka. Wankan jego kuwa aikin uwa ne, ba ta da bakin ƙi. Ta shiga bayi da riga a jikinta, Gogo na zuba mata ruwa.

"Uwar Ma'u, wa ya taɓa wankan jego da riga? Ki yi ɗaurin ƙirji mana."

"Sanyi nake ji, Gogo."

"Sanyi? A kan tafasasshen ruwa?"

Rekiya ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa Ma'u. Ba wanda ya tuna wa Felicia cewa auduga na shan ruwa. Kafin a kai rabin garwa, abin ya jiƙe sharkaf, ya yi nauyi, ya zazzago har kusa da cibiya. Ma'u ta gani, ta dafe baki.

"Inna, mene ne wannan?"

Ƙarya ta ƙare. Rekiya ta faɗa musu, kanta a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Gogo ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi a gwada nonon. Ta sa Ma'u ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa uku ta jefa. In sun mutu, shi ke nan, yaro ya yi sallama da nonon uwarsa. Jaririn ya farka yana tsala kuka, matan gida suka yi cirko-cirko. Rekiya ta karanta duk addu'ar da ta iya.

Ɗaya ta fito. Ta biyu ta bi ta. Ta uku ta yi ta juyi, ta daina motsi.

"Biyu sun fi ɗaya, Gogo," in ji Rekiya.

Gogo ta daɗe tana kallon ludayin. "To, ya sha. Amma don Allah, uwar Ma'u, ban da ɗaukarsa, ban da kwana. Ba a wasa da daji."

Ma'u ta fashe da kuka. "Gogo, uwata ce fa!"

"Yi shiru," in ji Rekiya. "Ba shi ya sha."

Ta ja mayafi ta rufe jiƙaƙƙiyar rigar, ta ɗauki ƙunshinta. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ko fuskar yaron ba ta ƙare gani ba. A zaure ta tsaya, ta jingina da bango tana saurare. Kukan ya yi ta tashi, ya yi ta tashi, sai kuma ɗif, ya kama nono.

Sannan ta fita neman motar Dutsin-Ma.