Dutsen Kan Randa

Ranar wata Laraba likita ya ce ciwon da ke maƙogwaron Lantana ba na warkewa ba ne. Wata biyar ta ƙara a duniya. Tun ranar na san wanda ya kashe matata, ban dai gaya wa kowa ba.

Shekara ashirin da biyu na yi ina jera samfurin duwatsu a wani kamfanin haƙar yuraniyom, arewa da Agadas. Wata rana na zo gida da wani dutse ruwan ɗorawa, na aza shi kan faifan randarmu don ado. Lantana 'yar masu gishiri ce daga Tagidda, ko bihim ba ta sani ba. Ta taɓa shi da bakin harshe, yadda suke gwada ƙasa a garinsu, ta ce wannan ba dutsen gida ba ne. Na yi mata lacca, rabi da Faransanci. Shekara goma sha tara muka yi muna shan ruwan randar. Bayan rasuwarta na ci gaba da sha, ina jiran rabona.

Jiya da azahar zazzaɓi ya kwantar da ni a tsakar gida. Idona na lumshewa sai randar ta yi gyaran murya, ta ce in shigo. Na shiga da ka.

Na yi ta nutsewa har na dira a wani kogi da ba shi da sama, sai rufin dutse. Yashinsa ma ya daskare. Wata tsohuwa na ratsa shi da ƙwarya a ka, jikinta duk ruwa ne mai ɗumi, gishiri ya yi mata furfura a gira. Taki ɗaya take yi a shekara, amma da ƙyar nake cim mata.

Ta ce ita ce abin da ya rage na wani teku da rana ta shanye. Da ɗacinta ya yi yawa sai ta nutse ƙasa, zafi ya dafa ta, ta koma lasar duwatsu tana ɗebe yuraniyom ƙwaya-ƙwaya, wanda ruwan daɗi ba ya iya ɗauka kamar ita. Na ce mata na karanta wannan tun kafin in yi gemu.

"To, Malam, me ya kawo ka?"

Na ci gaba da bin bayanta.

Muka iske wani baƙin kututture da ambaliya ta binne tun ba a halicci mai sara ba. Ya yi mata sannu da hanya, ta durƙusa ta juye masa ƙwaryar. Ya gaya mini ba ta iya wuce ruɓaɓɓen abu da kaya a ka, dole ta sauke. Duk ramin da muka haƙa a sama, in ji shi, masaukinta ne muka tone.

Na ce ashe ita ce ta tara gubar da ta ci matata.

"Ni 'yar dako ce," in ji tsohuwar. "Zo ka ga inda ka ɓanɓaro naka."

Ta nuna mini gurbin a jikin bango. Ba fanko ba ne. Dutsena na ciki daram, har gishiri ya liƙe bakinsa. Ta ce wata mace mai faso a dugadugai ta jefo mata shi ta tsohon rami, a makon da aka ɗauke shi, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

Bangon ya narke, sai ga ni a Tagidda. Ramukan gishiri ɗaruruwa sun buɗe kamar idanu, kowanne da ranarsa a ciki. Na leƙa ɗaya, na ga bayan madafarmu. Juma'a ce, ina masallaci. Lantana na tsugune da ɓallin dutsen niƙa, tana shafa masa gangamau da ƙaro, tana juya shi a haske ta ga ko ya yi. Ta ɗago kai.

"Malam, yau ka yi saurin dawowa."

Na buɗe baki, gishiri ya cika shi.

Kiran la'asar ne ya tashe ni, rigata sharkaf. Na rarrafa wurin randa, na ɗauki dutsen, na jefa shi a kwano na goga da soso. Ruwan ya koma kalar miya. Dama na lura yana koɗewa tun da ta rasu, har na samo wa abin bayani a littafi. Ɓallin dutsen niƙa ne, baƙi, da santsin hatsi a gefe guda.

Ban sani ba ko mafarkin ne ya gaya mini, ko kuwa na taɓa ganinta wata Juma'a na wuce da littafi a hammata. Na dai zauna a ƙasa na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, sannan na sha moɗa biyu, ruwa ne kawai mai sanyi. Ajali ne ya ɗauke ta, ba ni ba.

Shekara goma sha tara tana rina dutse don kada girmana ya faɗi. Ni kuwa ko sau ɗaya ban ce mata ba: Lantana, kin fi ni sani.